Garin Amino a Ranar Zuba Kankare

"Kai ka riƙe buhun shinkafar da akuyar," in ji ƙanin matata, wanda ake kira Ƙirji saboda ɗaga ƙarfe. "Ni kuma ka bar ni in shayar da leburorinka garina, in ɗauki bidiyo."

Birkilan da na danƙa wa ginin gidana ya sosa ƙeya. "Maigida fa?"

"Yaya yana asibiti wajen jinyar matarsa. Kafin ya iso an gama."

Suka tafa. Ban ji wannan ciniki ba sai daga baya, daga bakin birkilan, lokacin da na shaƙe shi da wuyan rigarsa.

Wanda bai taɓa gini ba bari in gaya masa. Ranar zuba kankaren rufin bene ba a tsayawa. In wani gefe ya bushe kafin a haɗa shi da sabo, tsaga ta zauna ke nan, ruwan sama zai bi ta nan har jikokinka. Shi ya sa ake ɗora tukunya a wurin aikin, rabin leburori su ci, rabi na ɗauka. Don haka na sayi shinkafar da akuyar.

Shi kuwa Ƙirji wani gari yake talla a waya, amino, wanda masu motsa jiki ke kaɗawa a ruwa su sha don tsoka ta warware. Ban ce ƙarya ba ne, ban kuma ce gaskiya ba ne. Abin da na sani, ban taɓa ganin ya sha ba sai bayan ya share kwano biyu a gidana.

Na iso da rana tsaka. Injin kwaɓawa na juyawa shi kaɗai. Kwanonin ɗaukar kankare a kife gindin tsani. A sama rabin rufi a zube, rabi rodi tsirara. Ƙirji na tsaye da bokitin ruwa kalar hoda, yana ɗaga waya.

"Ina mutanen?"

"Yaya, sannu da zuwa. Ya mai jiki?"

"Na ce ina mutanen!"

Ya nuna tsallaken titi. Ga su can jere a bencin mai abinci. Na tsallaka, mota ta kusa kwashe ni.

Babbansu ya ɗago, bakinsa cike. "Baba, kada ka zage mu. Tun safe muke hawa da sauka, aka ba mu ruwan alawa, wai mu ɗaga hannu mu ce ƙarfi ya dawo. Ɗaya ya yi jiri a kan tsani, saura kaɗan mu kai maka gawa."

"Ku tashi, don Allah, kankare na bushewa!"

"Mu ma mun bushe, Baba. Bari ya sauka tukuna."

Ba yadda na iya, na ce wa mai abinci ta ƙara wa kowa nama, nauyin a kaina. Na dawo na sami birkila yana yayyafa ruwa a bakin kankaren, yana ce min babu komai. Na dangwala da yatsa, ya yi tauri kamar goshinsa. A nan na cafke shi, ya amayar da zancen.

Ƙirji ya matso. "Yaya, ai ba su sha yadda aka tsara ba ne. Jikinsu bai saba..."

"Kai naka da ya saba, ɗauki kwano ka hau."

Ya hau sau biyu, ya zauna a kan yashi yana haki, wai shi ba irin wannan motsa jikin yake yi ba.

An ƙarasa zubin da yamma. Ruwan farko da aka yi, layin tsagar ya fito a silin, ɗis ɗis, daidai inda gadon matata zai zauna.

Mai abinci ta sayar da tukunyarta kaf. Birkila ya riga ya yanka akuyar a gidansa. Ƙirji ya yanke bidiyon daidai inda leburori ke ɗaga hannu, an ce garin na ta fita. Ni ne na tashi da bokiti a tsakar ɗaki, kuma nasa ne ma, wanda ya kaɗa garin a ciki.