Lafiya Lau Sau Uku

"Lamba ashirin da uku."

Shiru. Malama ta ɗaga kai daga rajista, ta leƙa ta saman tabarau. Kujerar da ke jikin taga, layi na biyu, babu kowa a kanta sai jakar maƙwabciya da ta samu wurin miƙe ƙafa.

"Ba ta zo ba, Malama," 'yan ajin suka haɗa baki.

Ta sani. Tun da aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofar makaranta, kiran suna ya zama aikin neman lada, don na'urar ta riga ta gama shari'arta tun ƙarfe takwas. Amma Malama ba ta bar rajistarta ba. Ba banza ɗalibai suke kiranta Ba-Ragi a bayan idonta ba, kuma ta san sunan, har ma tana ɗan jin daɗinsa.

Lamba ashirin da uku ita ce yarinyar da kowa ke kira Lauya, saboda ba a taɓa faɗin magana a ajin nan ta wuce ba tare da ta ɗaga hannu ta ce tana da ja ba. Ita ce ta fi kowa lissafi a ajin ƙarshe, ita ce kuma ta fi kowa sa Malama ciwon kai. Kwana goma sha huɗu ke nan, ban da yau, ajin ya yi tsit, kuma Malama ta gano, cikin jin haushin kanta, cewa tana kewar ciwon kan.

Dokar makaranta a fili take, an manna ta a bangon kowane aji. Ɗalibi ya yi fashi, malamin aji zai buga wa iyaye waya. In akwai uzuri, ciwo ko rasuwa ko jinya, a kawo shi cikin kwana uku na farko, in ya wuce haka na'ura ba ta karɓa. Wanda ya cika kwana goma sha biyar babu uzuri a zango ɗaya, an cire sunansa daga masu zana jarrabawar fita, sai baɗi. Wanda ya dangwala yatsa kafin ƙarfe sha biyu makara ya yi, ba fashi ba.

Malama ta yi nata. Sau uku ta kira mahaifin Lauya, wani mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki, sau uku yana ba ta amsa ɗaya, sau uku a na'ura tana zaɓar gidan da aka rubuta "babu dalili".

Da aka tashi darasin farko mataimakin shugaba ya tare ta a baranda da takarda a hannu.

"Malama, 'yar gidanki yau za ta cika. Sai uban ya sa hannu a nan kafin mu cire sunan. In aika masinja?"

"Ba ni," ta ce. "Ba ni da aji sai sha ɗaya da rabi. Ina so in ga idon mutumin da zai zuba wa yarinya irin wannan ido tana lalacewa, ana kiransa yana cewa za ta zo."

A cikin tasi ta shirya jawabinta tsaf, da gabatarwa da misalai da rufewa. Ta iske shagon a kulle. Wasu matattun firji biyu suna jingine a waje, ƙura ta yi musu riga. Mai sayar da fenti na shagon kusa ya fito yana goge hannu.

"Injiniya kike nema? Ai yau kusan mako uku ke nan yana babban asibiti. Tsani ne ya zame da shi daga bene yana ɗaura wa wasu na'ura. Ƙugu ne ya karye, har da baya."

"Mako uku?"

"Ranar Talata zai cika. 'Yarsa ce a wurinsa, kin san uwar ta daɗe da rasuwa."

Malama ta koma cikin tasin ba ta ko yi wa mai fenti sallama ba. Jawabin nan da ta shirya ya bi iska tun kafin su kai titi. Ranar Litinin da ta wuce ta yi magana da mutumin nan. Ta tuna ta ji hayaniya a bayansa, da wani ƙarar ƙarfe, ta ɗauka shago ne.

Ɗakin maza masu karaya dogo ne, gadaje a jere hagu da dama, fanka biyu ne kawai ke juyawa. A gado na tara ta hango Lauya, ta ɗaura zani a kan wata tsohuwar riga, tana matse tsumma a cikin roba. Ta rame. Da ta ga Malama sai tsumman ya faɗi, ta miƙe tsaye ƙyam kamar an kira lambarta.

Uban yana kwance rigingine, an rataya wa ƙafarsa nauyi da igiya ta ƙarshen gado. Ya yi ƙoƙarin ɗagowa, abin ya gagara.

"A'a, Malama! Ke ce da kanki? Sannu da zuwa. Ke, ba ta kujera mana. Ina kwana, Malama? Ya aiki? Ya yaran?"

"Lafiya lau," bakinta ya amsa da kansa. Ta zauna. "Ya jiki?"

"Da sauƙi sosai, alhamdu lillahi."

Ta dubi igiyar, ta dubi nauyin, ta dubi leɓɓansa da suka bushe.

"Baban Lauya, sau uku na kira ka. Ashe duk daga kan gadon nan kake amsa mini?"

"Haka ne, Malama."

"To don me ba ka gaya mini ba? Na ce maka lafiya dai ko, ka ce lafiya lau!"

Ya yi ɗan murmushi, irin na mai jin kunyar gyara wa babba magana.

"Ai gaisuwa kika yi, Malama. Mutum ya gaishe ka, sai ka zazzage masa kayan ciwo? Ina jira ki tambaya, sai kika ce yarinya ba ta zo ba, doka ta ce kaza da kaza. Na ce za ta zo in sha Allahu. Kika ce to madalla, kika kashe."

Haka aka yi, ba ƙari. Tana tsaye a ofishin malamai, jerin lambobi bakwai a gabanta, ana saura minti huɗu a kaɗa ƙararrawa. Ta ce lafiya, ya ce lafiya, ta danna "babu dalili". Da a kira na farko ta ƙara kalma uku, me ya faru, da yanzu an rubuta jinya, babu abin da zai taɓa yarinyar nan. Kunya ta kama ta, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, har kunnuwanta suka yi zafi.

"Ke fa?" ta juya kan Lauya, don ta rasa inda za ta sauke. "Ke da kika haddace dokar nan har kina mini gardama a kanta?"

"Na ce ya faɗa, Malama. Ya ce kwana biyu ne za a sallame mu. Da kwana ukun suka wuce na san na'ura ba za ta karɓa ba, to me zan zo in ce?" Ta sunkuya ta ɗauki tsumman. "Na ƙirga. Yau ne na goma sha biyar."

"Wane goma sha biyar?" uban ya tambaya.

Takardar mataimaki tana cikin jaka a kan cinyar Malama, ta ɗora hannu a kan jakar ta danne. Agogon bangon ɗakin ya tsaya, sai ta duba na hannunta. Sha ɗaya da minti goma.

"Tashi," ta ce. "Tasi na jira a bakin ƙofa. Ki je ki dangwala yatsa kafin sha biyu, ki zauna a aji har a tashi."

"Ina da ja, Malama."

"Na sani. Faɗi da sauri."

"Ba ni da kayan makaranta a nan."

"Na'ura ba ta san riga ba, yatsa ta sani."

"Ana juya shi duk bayan awa biyu, in ba haka ba bayansa zai yi gyambo. Ƙarfe sha biyu yake shan magani, kuma sai an bi ma'aikatan jinya an yi ta magiya. Wa zai zauna?"

"Ni."

Lauya ta dube ta daga tabarau har takalmi.

"Shekara goma sha tara ina sa yara arba'in su yi shiru," Malama ta ce. "Ma'aikacin jinya ɗaya ba zai gagare ni ba. Nuna mini maganin ki wuce."

Ta nuna mata: farin kafin abinci, jan bayan abinci, ruwa da cokali don in ya sha da kofi ƙwarewa yake. Ta tsaya tana gyara wa uban matashi har sai da Malama ta daka mata tsawar aji, sannan ta zura silifa ta fita da gudu. Majinyacin gado na goma, wani tsoho mai hannu a filasta, ya ce, "Kai, wannan malama a ba ta ɗakin nan ta riƙe."

Sha biyu saura kwata wayarta ta yi ƙara. Mataimaki ne.

"Malama, 'yan aji biyar suna zaune babu malami. Shugaba ta zagaya ta gani, ta ce in rubuta ki."

"Rubuta ni. Yarinyar ta iso?"

"Yanzu ta shigo da zani da silifa, mai gadi har ya so ya hana ta. Ta karanta masa doka. Na'ura ta ba ta makara."

"To yaga takardar da ke wurinka, ta wurina ma ba ta da aiki."

"Na ji, amma kin san ko kwana ɗaya ta ƙara daga nan zuwa jarrabawa, shi ke nan. Saura mako biyar."

"Na sani."

Ta kashe. Ta samo ma'aikacin jinya, ba da magiya ba, ya zo da abokin aikinsa suka juya mara lafiyar, yana cije leɓe yana cewa sannunku, sannunku. Ta ba shi farin magani da ruwa a cokali. Rabin ruwan a wuyansa ya ƙare, ya ce babu komai. Sannan ta gaya masa abin da goma sha biyar take nufi, ba ta rage komai ba, har da nata laifin. Ya daɗe yana kallon silin. Hawaye ya gangaro ta gefen idonsa ya shiga kunne, bai iya ɗaga hannu ya share ba.

"Ita kaɗai gare ni," ya ce. "Kullum cewa take saura kaɗan ta gama. Ban san ni ne na tare hanyar ba."

"Ba ka da kowa da zai karɓe ta?"

"Akwai yayata. Tana wani gari, tafiyar awa uku. Ita ta raine ni."

"Ta san kana nan?"

Ya girgiza kai.

"Kuna waya?"

"Kusan kullum."

"Me kake ce mata?"

Tsohon gado na goma ya yi dariya har filastarsa ta bugi ƙarfen gado. Baban Lauya ya kawar da kai.

"Tana da hawan jini, Malama. Ga jikoki a gabanta. Ba na so in zama wa mutane kaya. In ta ji, ko mayafi ba za ta tsaya ɗauka ba."

"Abin da ake so ke nan."

Wayarsa tana kan ƙaramin kabad, kusa da robar magani, fuskarta a tsage. Malama ta ɗauka ta riƙe masa a gaban ido, ya buɗe da yatsa ba don yana so ba. Ta gangara cikin sunaye har ta ga inda aka rubuta Yaya.

"Don Allah, Malama, ki bi ta a hankali. Ki fara gaishe ta tukuna."

"Ka gaishe ta mako uku," Malama ta ce. "Ya isa."

Ta danna kira, ta gyara zaman tabarau, ta kara wayar a kunne.