Kwana Uku Kada a Sauke Gilashi

Ina cikin fesa ruwan sabulu a gilashin bayan motarsa, Baba Mai-agogo ya ɗaga baƙar ledar da zan manna sama, ya kalli rana ta cikinta, ya ce wannan ba ta yi masa ba, ana hango mutum.

"Ba ka da wadda ta fi ta duhu?"

"Akwai, Baba. Amma a shekarunka me ya rage da za ka ɓoye?"

"Furfura," in ji shi. "Manna, Mai-leda, ka rage surutu."

Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka. Rumfar da nake manna wa motoci baƙar leda tana ƙasa a bakin titi, ɗakinsa yana saman bene, matakala ashirin da shida. Shi ya ƙirga, ba ni ba. Tun da matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo ta samu aiki a wani gari, ba mai hawa matakalar nan sai shi. Gyaran agogo kuwa ya riga idonsa mutuwa, kowa a waya yake duba lokaci.

Na faɗa masa gaskiyar sana'a. Ledar da ya zaɓa ita ce mai araha, mai rini. Tana tare ido, amma zafi ba ta korarsa sosai, kuma in ta shekara biyu sai ta koɗe. Ga shi na'urar sanyin motarsa ta daɗe da lalacewa. Ya ce shi ido yake so a tare masa, kuma shekara biyu ta ishe shi har da ragi. Ya yi dariya, ni ma na taya shi.

Da na tura kujera gaba don in kai hannu lungu, sai ga katin asibiti na sashen zuciya da ƙunshin magunguna. Na mayar da sauri, amma ya ga na gani. Ya zauna a kan bencina yana murza agogon hannunsa. Ya ce duk ranar da ya dawo daga asibiti ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa zuwa sama, sai ya zauna a mota kamar awa guda numfashi ya dawo. To duk wanda ya wuce sai ya leƙo, mai wanki, mai shago, kowa da tambayarsa. Matar mai shago kuma tana da lambar 'yarsa.

"In yarinyar nan ta ji, ajiye aikin za ta yi ta dawo ta zauna tana kallona ina haɗiyar ƙwaya. Shekara shida ta yi tana neman aikin nan. Amana ce na ba ka."

Na karɓa. Amana ba ta da nauyi ranar da ake miƙa ta.

Da na gama, na yi abin da nake yi wa kowa: na yanko salatif na liƙe maɓallan gilashin guda huɗu. Na ce kwana uku kada a sauke gilashi, in ba haka ba ledar ba ta gama kamawa ba, za ta naɗe daga baki. Ya duba agogo.

"Huɗu saura kwata. Alhamis huɗu saura kwata ke nan."

Sauran mutane tun daga kwanar titi suke cire salatif ɗin. Na manta da mai agogo nake magana, wanda ba ya saɓa lokaci.

Ran Laraba wajen ƙarfe ɗaya ya dawo daga asibiti, ya tsaya inda ya saba, wurin da inuwar bene take barinsa tun hantsi. Ya kashe inji. Ƙofa ba ta buɗe ba. Ina aikin wata tasi, na ɗaga kai na duba, ban ga komai a gilashin ba sai titi da rumfata. Na ce a raina, awar hutunsa ce, ita ya saya. In na je na ƙwanƙwasa, na zama idon da ya sa aka tare.

Ƙarfe biyu da rabi mai wanki ya zo da kayan Baba a goge, ya tambaye ni ko yana nan. Na ce yana hutawa, ya ajiye a wurina. Har yau ina juya wannan amsa. Ban yi ƙarya ba, iyakar sanina ke nan. Amma ni kaɗai a titin nan na san akwai mutum a cikin motar, kuma ni na sa ba wanda zai iya sani.

Sai wajen uku da rabi na je. Na ƙwanƙwasa sau biyu. Ƙofar ba a kulle take ba, ina buɗewa zafi ya bugi fuskata. Yana zaune, kansa ya ɗan karkata, hannuwansa a kan cinya. Agogon yana tafiya.

Likita ya ce zuciya ce, da a matakala ko a kan gado ma za ta iya tsayawa. Na tambaye shi zancen zafi. Ya ce zafi ba ya taimako, amma ba wanda zai iya rantsewa. Na so ya ba ni amsa ɗaya, ko wacce ce.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, 'yarsa ta sauko da mukullin motar. Ta ce in cire mata ledar, ba za ta iya zama a cikin duhun nan ba. Har ta juya, sai ta tsaya.

"Kawu, ka san ba shi da lafiya?"

"Na sani. Kwana biyu kafin nan."

"Shi ya ce kada ka faɗa?"

"Shi ya ce."

Ta daɗe tana kallon motar. "Halinsa ne," ta ce. Na jira ko za ta ƙara wani abu, na zagi ko na yafiya. Ta hau sama, ina jin takunta har ya ɓace.

Na sa reza a bakin gilashin direba na ɗago. Sabuwar leda ba ta gardama, ta biyo hannuna gaba ɗaya, rana ta zubo a kan kujerar. A nan na ga salatif ɗin maɓallinsa. Sauran ukun suna nan yadda na liƙa su, a miƙe. Wannan an ɗaga shi har rabi, sannan aka mayar aka danne, ya ɗan karkace, da shatin babban yatsa a kai.