Ganyen Da Ya Waiwaya

Ranar da mutumin kamfani ya zo shagon Baba, Allah ya rufa masa asiri ina wurin aiki. Da ina nan, da sai an riƙe ni. Na dawo daga makarantar da nake koyarwa na tarar da injin walda a kashe da rana tsaka, Baba kuma yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallon tafin hannunsa.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wai an ce in daina yin ganyen."

Baba maƙerin ƙofofi ne da ƙarafan taga. Tun kafin in yi wayo yana da zane guda da aka san shi da shi: jerin ganyaye na ƙarfe, kowanne ya lanƙwasa ya fuskanci dama, sai guda ɗaya kusa da ƙarshe da ya juya hagu, kamar wanda aka kira daga baya. Masu saye suna ce masa mai waiwaye. Da shi aka ciyar da mu, da shi aka yi mini karatu. Ina yarinya na sha tambayarsa dalilin juyawar ganyen, amsarsa kullum ɗaya ce, wai haka ya zo. Baba kenan, fitar da magana daga bakinsa sai ka ce cire tsohuwar ƙusa daga katako.

To, ashe wani kamfani mai manyan injuna, wanda ke fitar da ƙofofi kamar ana buga bulo, ya je ya yi rajistar zanen da sunansa. Shi ne suka aiko mutum ya gaya wa Baba cewa in ya ƙara yin ko taga ɗaya, sai dai su haɗu a kotu. Ƙarfin hali, ɓarawo da sallama! Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Sai da na gaji Baba ya ce, "Ni abin da ya dame ni, hannun nan bai iya wani abu ba." Wannan maganar ta tsorata ni, don na san in aka raba Baba da ganyen nan, zama zai yi a kan tayar har ya ƙare.

Washegari na ɗauki hutu na ja shi zuwa ofishin rajistar zane da tambari. Ya nace sai ya tafi da ƙarfen taga guda a cikin buhu, muna hawa bene yana ƙara duk inda ya taɓa, ni kuma ina ta ba mutane haƙuri. Na shiga da shirin rigima, amma bangon wurin jira ya kashe mini baki. Hotuna ne jere a cikin gilashi: surar kwalba, ƙasan takalmi, hannun cokali, murfin fitila, kujerar roba irin wadda muke zaune a kai. Ƙarƙashin kowanne akwai lamba. Ban taɓa tunanin cewa wani ya zauna ya yanke yadda wuyan kwalba zai lanƙwasa ba. Ni na ɗauka haka abubuwa suke zuwa duniya. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar ya shigo taron 'yan uwa.

Jami'ar da ta karɓe mu ba za ta wuce sa'ata ba. Tana sanye da gilashin ido, ga tarin fayil a gefen tebur, fanka kuma na ta kaɗa takardunta. Na zuba mata labari ba numfashi. Ta saurara, sannan ta ce a nuna mata abin. Baba ya kwance buhu ya jingina ƙarfen da teburinta.

Matar nan ta miƙe. Ta cire gilashin, ta zagayo, ta sa ɗan yatsa daidai kan ganyen da ya juya.

"Baba, kai ka yi wannan?"

"Ni ne, 'yata."

"Shi ne a tagar ɗakin kakata," ta ce. "A jikin wannan nake rataye jakar makaranta, don shi kaɗai ne ba ya sakin igiya. Wallahi ban taɓa tunanin mutum ne ya yi shi ba."

Na ji daɗi har cikin raina, na ce to madalla, sai ta goge sunan kamfani ta rubuta na Baba. Ta koma kujerarta ta girgiza kai.

"'Yar uwa, ba zan iya ba. Zane ba a yi masa rajista sai yana sabo, kafin ya bazu a idon jama'a. Na Baba ya daɗe da fita. Da ya zo tun farko, da an kare masa shi na wasu shekaru."

"Wato kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi!"

"Ki bari in ƙarasa," ta ce, tana ɗan murmushi. "Wuƙar da ta yanke ku ita za ta yanke su. In zanen ya daɗe a gari kafin ranar da suka kawo shi, su ma ba sabo suka kawo ba. Sai ku nemi a soke rajistarsu."

"Daga nan ya zama na wa?"

"Na kowa. Baba ya yi, su yi, kowa ya yi."

Ban so jin haka ba, amma Baba ya ɗaga kai a karon farko. Ta gargaɗe mu cewa ita ba za ta iya zama shaida ba tunda aikin teburinta ne, kuma ƙofar da aka sake wa fenti bara, lauyansu zai ce bara aka ƙera ta. Mu nemo wadda ba wanda zai iya musun tsufanta, mu ɗauko hoto, mu samo masu shaida. Na dubi Baba, mutumin da bai taɓa ajiye ko guntun rasit ba.

Da muka fito na tsayar da mota, ya ce a'a, da ƙafa za mu tafi. Na bi shi ina ƙunƙuni. Ba mu yi nisa ba ya nuna mini ƙofar wani kantin magani da haɓa.

"Wannan ba nawa ba ne, waldar ta yi kauri." Gaba kaɗan ga tagar wani tela. "Wannan na wani ne da ya koya a wurina, har yanzu yana gaggawa." Sai barandar bene, sai shingen gidan mai, sai wata 'yar ƙofar kejin kaji.

A garin nan aka haife ni, kullum ina bin titunan nan, amma sai ranar na gani. Ko'ina na juya ga shi, baƙi, kore, mai tsatsa, sabo fil na kamfani da ledarsa ba a cire ba. Hannuwan da ba su taɓa gaisawa da Baba ba sun yi ta lanƙwasa ƙarfe yadda ya lanƙwasa, kuma babu ɗaya da ya manta da juya ganyen nan. Ƙunƙunin ma na neme shi na rasa.

Muka bar babban titi, muka bi wani lungu har bayan wani tsohon ɗakin karatu da aka daina amfani da shi. Can Baba ya tsaya. Wata ƙatuwar bishiya ce a jikin shingen ƙarfen wurin, irin wadda mutum biyu ba za su iya rungumewa ba. Da farko na ɗauka shingen ya yanke ne a wurin. Da na matsa sai na ga ashe bai yanke ba. Ƙarfen ya shiga cikin kututturen ta nan ya fito ta can. Bishiyar ta yi ta girma a hankali har ta haɗiye ganyayen, ɓawonta ya naɗe su ya rufe ruf. A ɗaya gefen, daidai inda ƙarfen ya ɓullo, ga mai waiwayen nan, rabinsa a cikin itace, bakinsa a waje.

"Ikon Allah," na ce, kuma ban san da ƙarfi na faɗa ba.

"Lokacin da na yi aikin nan, iyakarta gwiwata," in ji Baba. "Har na ɗaura mata jiƙaƙƙen buhu kada tartsatsi ya ƙona ta. Wannan shi ne na fari."

Na ciro waya ina ɗaukar hoto. Wane lauya ne zai ce bara aka yi wannan? Na ce masa saura mu san shekarar, ko zai iya tunawa. Ya shafa ɓawon bishiyar.

"Shekarunki nawa, Uwata?"

Na sauke wayar.

"Ranar na baro mahaifiyarki tana naƙuda," ya ce. "Mai aikin ya ce lallai a gama shingen. Ina walda ina waiwayen hanyar gida, ko zan ga an aiko. Sai da na ɗaga gilashin fuska na ga na manna guda a juye. Na ɗauko zarto zan yanke shi kenan, maƙwabciyarmu ta ƙwala mini kira daga bakin lungun can, wai an sauka lafiya, mace. Na yar da zarton. Da na dawo an riga an shafa fenti, mai wurin kuma ya ce haka ya fi masa kyau. Mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta ce kar in ƙara yin wani ba shi."

Na bi bakin ganyen da ido. Hanyar tsohuwar unguwarmu yake kallo. Na tuna kantin magani, da barandar bene, da jakar makarantar jami'ar nan, da injunan kamfani da ke buga shi dare da rana ba su san me suke bugawa ba. Ni da na fito neman haƙƙin Baba da baki cike da faɗa, sai ga ni zaune a kan saiwar bishiya ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

An ɗauki lokaci, an je an dawo, amma an soke rajistar. Hoton bishiyar da shaidar tsofaffin lungun sun isa. Ranar da labari ya zo na tarar da Baba ya riga ya kunna inji, tartsatsi na tashi, ya ɗora sabon ƙarfen taga a kan benci. Ni dai har lokacin abin bai gama sakina ba. Na jira ya ɗaga gilashin fuskarsa.

"Baba, tsakani da Allah ba ka jin ciwo? Gari duk ya ɗauka, kuma ko a takarda babu sunanka."

Ya dube ni, ya goge gumi da bayan hannu.

"Su riƙe ƙarfen, Uwata. Abin da na samu ranar, ni na raɗa masa suna."

Ya sauke gilashin, ya ɗauki ganye na kusa da ƙarshe, ya juya shi hagu.