Gam ɗin Jirgin Lisbon

Aurelino na tsakiyar jera gwangwanayen fenti sai Dona Neide, mai kula da siton kayan gyaran jirgin sama, ta ƙwala masa kira daga bakin ƙofa.

"Aurelino! Bar fentin nan. Jirgi ya maƙale a filin jirgin Guarulhos, tankin mai na yoyo. Gam suke so yanzu-yanzu, ga mai babur can yana jira."

"Wane jirgi?"

"Na Lisbon, mai tashi da yamma. Ina ruwanka, kai za ka tuƙa?"

Saura ƙiris gwangwani ya suɓuce masa. Jirgin da Jucimara za ta shiga ke nan, 'yarsa tilo, wadda ta sami aikin jinya a can. Tun ranar da ta gaya masa ya daina yi mata magana. Yau da safe ma ta miƙo masa kwanon shinkafa da wake, kamar yadda take yi tun rasuwar uwarta, ya karɓa bai ko dubi fuskarta ba. Wajen taurin kai, ko jaki ya sara wa Aurelino.

Ya zura rigar sanyi ya shiga ɗakin ƙanƙara inda ake ajiye gam don kada ya sandare. Genival, abokin aikinsa, ya biyo shi yana hura hannu.

"Tsoho, faɗuwa ta zo daidai da zama. Ka manta akwatin gam ɗin a rana kaɗan, gam ya lalace, jirgi ya kwana. Ka sami damar roƙon 'yarka, tunda bakinka ya fi buhun siminti nauyi."

"Rufe mana baki, mai kan kwakwa."

Amma fa ya tsaya. Kwana ɗaya! Ya ga kansa zaune da ita a kicin, tana yi masa faɗan gishiri. Zuciyarsa ta yi ta ciwo har ya manta da sanyin.

Dokar sito ita ce a fara fitar da tsohon kaya, na gaba-gaba. Ya ɗauko na gaban, ya juya shi. Bai lalace ba, sai dai ya daɗe a ajiye. Ya mayar, ya tura hannu can ƙurya ya zaro sabo fil, wanda aka sauke shekaranjiya. Ya shimfiɗa masa ƙanƙara kamar mai kwantar da jariri.

Dona Neide ta leƙa akwatin. "Sabo kuma? Yau ka fara aiki?"

"Ki yi mini faɗan gobe, Dona Neide."

Ta buɗe baki, Genival ya girgiza mata kai, ta ba shi hanya. Aurelino ya ɗaure akwatin a bayan babur da kansa.

"Ka yi sauri, ɗan'uwa. Kada ka tsaya ko'ina."

Da rana ya zauna a bayan sito da kwanonsa, ya kira Jucimara a waya.

"Baba? Wai jirginmu ya sami matsala, ƙila mu kwana."

"Ba za ku kwana ba, 'yata. Kuma ba zai sake yoyo ba."

Ya ajiye wayar. Ya buɗe kwanon, ya ci rabi yana share ido da bayan hannu. Ya rufe sauran, ya ajiye saboda gobe.