Ƙofa Biyu a Hawa na Sha Huɗu

Takardar ta iso ranar Litinin. Jami'ar ofishin gidaje za ta zo ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe, ta ji bukatar kowa kafin a ba shi sabon wurin zama. Senga Rennie ta karanta tata a tsaye, ko rigar ruwanta ba ta cire ba, sannan ta tsallaka baranda ta buɗe ƙofar maƙwabcinta da mukullin da ke wuyanta. Tasa takardar tana ƙasa, ya taka ta ya wuce.

Benen Kilmory, inda suke zaune a birnin Glasgow, hawa ashirin da biyu ne, kuma shekara guda ke nan da ƙaramar hukuma ta ce za a rushe shi. Mutane sun watse da kaɗan-kaɗan, wasu gabashin Glasgow, wasu hayin kogi. Duk gidan da aka tashi sai a zo a manna masa ƙofar ƙarfe. A hawa na sha huɗu ƙofa shida ce, huɗu sun zama ƙarfe, saura tata da ta Archie Tulloch.

Archie ya kai shekara saba'in da tara. Walda ya yi a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa har aka rufe ta. Matarsa Isa, don a can sunan mace ne, ta rasu shekara shida da suka wuce, 'yarsa ɗaya tana Kanada. Ita kuwa Senga, mai shara ce a wata makarantar firamare, shekararta sittin da ɗaya, ba miji ba ɗa a gida. Ba su haɗa komai ba sai baranda.

Abin da ta sani, wanda ba wanda ya sani, shi ne Archie ya fara ruɗewa irin ta tsufa. Ta taɓa samun butar shayi a cikin firij ɗinsa. Ta taɓa jin warin gas daga gidanta, ta shigo a guje ta tarar da shi yana kallon talabijin hankali kwance. Tun daga ranar ita ke dafa masa, ta kuma bi kabad-kabad da ƙofofi ta manna takardu da manyan baƙaƙe: KOFUNA. MAGANI. KASHE GAS. A cikin benen nan ba ya ɓata, don shekara talatin da takwas ƙafafunsa suna bin hanya ɗaya: lifta, kantin jarida, ya dawo.

Kuma ta san abin da ya sami tsohuwa Gilchrist ta hawa na tara. An zo jin bukatarta, aka ga ba ta gane rana, aka kai ta gidan kula da tsofaffi. Wata uku aka yi jana'izarta. Ko gidan ne ya kashe ta ko kwananta ne ya ƙare, Senga ba ta sani ba, amma kowa a benen ya yanke hukunci.

"Baba Archie, yau wace rana?" ta tambaye shi da yammacin Laraba, tana zuba masa niƙaƙƙen nama da dankali.

"Ranar da kika cika gishiri."

"Kai dai tsohon nan! Da gaske nake."

"Talata."

"Laraba. Gobe Alhamis, wata mata za ta zo daga ofishin gidaje. Idan ta tambaye ka wa ke maka girki, me za ka ce?"

"In ce wata masifaffiya ce a ƙofar can."

"Ka ce kai kake yi da kanka. Maimaita."

Ya ajiye cokali ya dube ta, raha ta bar fuskarsa. "So suke su kai ni inda suka kai matar nan ko?"

"Ba wanda zai kai ka ko'ina in ka yi yadda na ce."

"Ni ba zan zauna a kujera ana ɗura mini miya a baki ba, Senga. Gara in faɗo ta tagar nan."

"To ci abincinka, ka bar zancen taga."

Ranar Alhamis ta nemi izini a wurin aiki. Tun ƙarfe takwas ta shiga ta ɓamɓare takardun nan kaf, ta cusa a aljihu. Inda kowace ta tashi sai ga ɗan tabo fari a jikin katako, ta bi da tsumma tana gogewa, tabon ya ƙi fita. Ta sa shi ya yi aski, ta goge masa farar riga. Ta rubuta rana da wata a tafin hannunsa na hagu, ta sake tunani, ta wanke. Garin sauri har ta kifar da madara.

Jami'ar ta zo goma da kwata, tana haki, don lifta ɗaya ce ke aiki kuma a hawa na sha biyu take tsayawa. Yarinya ce da ba ta wuce talatin ba, sunanta Kirsteen Baird, da jakar takardu a kafaɗa. Ta fara da Senga. Minti goma aka gama: akwai sabon ɗaki da falo kusa da makarantar da take aiki, tafiyar ƙafa ce ma, in tana so an rubuta mata. Senga ta ce tana so. Rabonta da ta zauna gidan da bangonsa ba ya tsattsafo da ruwa har ta manta.

"Zan iya zama da ku a wajen Baba Archie?" ta ce. "Kunnensa ne ba ya ji sosai."

Archie ya buɗe ƙofa da kwat da laktaye, wanda ba ita ta ce ya sa ba. Ya ɗan rusuna.

"Shigo, 'yan mata. Da na san irinki ake turowa daga ofis, da kullum ina can ina kai ƙara."

Kirsteen ta yi dariya. Senga ta zauna a bakin kujera. Amma tsohon nan sai ya zama wani mutum. Ya faɗi shekarar da ya shigo benen. Ya ba da labarin jirgin da suka ƙera aka kai Indiya, da yadda ƙarfe ya ƙona masa gira. Da aka tambaye shi girki ya ce, "Ni da na ciyar da kaina tun kafin a haifi babanki?" Da aka tambaye shi magani ya nuna kabad ɗin daidai. Sau ɗaya ya juyo ya ce, "Isa, ɗora mana shayi mana," Senga ta miƙe da sauri tana tari don ta rufe sunan.

Tana kicin ta ji Kirsteen na cewa, "To Baba, kai kam ba ka da matsala. Akwai gida a hayin kogi, hawa na ƙasa, sabo fil, har da ɗan fili a baya. Kai kaɗai, ba mai damunka. Nan da sati shida sai ka tare."

"Madalla," in ji Archie.

Senga ta tsaya da buta a hannu. Hayin kogi. Bas biyu ne daga makarantarta, awa guda in an yi sa'a. Unguwar da bai taɓa takawa ba, titunan da duk kamarsu ɗaya, murhun da bai san kansa ba, kuma ba wanda zai ji wari ta bango. Kwana uku tana fargabar kada a gane halin da yake ciki, ko sau ɗaya ba ta tsaya ta tambayi kanta abin da zai faru in ba a gane ba.

Aka sha shayi, aka sa hannu a takarda, Kirsteen ta yi sallama. Senga ta ji takunta yana nisa a baranda. Ta tattara kofuna, ta ajiye, ta sake ɗauka. Sai ta fita a guje da silifas.

Ta cim mata a kan matakala. "Malama, tsaya don Allah."

Ta zaro takardun nan daga aljihu, a cukurkuɗe, ta miƙa mata. Kirsteen ta warware ɗaya. KASHE GAS.

"Da safen nan na cire su," in ji Senga. "Ƙarya muka yi miki, ni na koya masa. Shekara biyu bai dafa ko ƙwai ba. Isa da ya kira, matarsa ce, ta rasu. In kika kai shi can shi kaɗai, ba zai yi wata guda ba. Amma don girman Allah kada ki kai shi inda aka kai matar hawa na tara."

Kirsteen ta zauna a kan matakala, ta ɗora jakar a cinya. "Na ji ya ce Isa, kuma na ga takardarki Senga ce. Na ɗauka sunan wasa ne." Ta ninke takardar. "Anti, ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Dole likita ya gan shi, dole a kira 'yarsa. Akwai gidaje na tsofaffi da kowa ke da ƙofarsa da mukullinsa, sai dai akwai mai kula a ƙasa. In likita ya ce zai iya, zan nema masa. In ya ce ba zai iya ba, ba ni da ta cewa."

"Kin sayar da ni."

Daga sama muryar ta zo. Archie ne a bakin matakala, riƙe da alƙalamin da Kirsteen ta manta. Ya dubi Senga kawai, ya ajiye alƙalamin a ƙasa, ya juya. Suka ji ƙofa ta rufe, sakata ta shiga.

Senga ta yi ta addu'a ya manta, tunda yana manta komai. Wannan kam bai manta ba. Kwana tara sakata na ciki. Takan ajiye abinci a bakin ƙofa, ta dawo ta tarar da kwano wayam, amma ko ta buga ba ya amsawa. Kafin ta tafi aiki sai ta durƙusa ta sa hanci a ramin wasiƙa na jikin ƙofarsa ta shinshina ko da warin gas. A makaranta tana goge ƙasa tana kasa kunne, duk motar kashe gobara da ta wuce sai ta leƙa taga ta ga ina ta nufa. 'Yarsa Elspeth ta bugo daga Kanada tana kuka tana faɗa: me ya sa ba a gaya mata ba tuntuni? Senga ta ce, "Kina bugowa ran Lahadi, yana ce miki lafiya lau, me zan ce?" Suka rabu ba daɗi.

A rana ta goma, ranar ganin likita, ta buga ta ce, "Baba Archie, in ba ka buɗe ba, su za su zo su buɗe, kuma shi ke nan sun sami abin faɗa." Ya buɗe. Rigar nan ce a jikinsa, ta yi baƙi a wuya. A bas ya juya mata baya yana kallon titi. Likitan ya sa shi zana agogo a takarda, ya jera lambobin duka a gefe ɗaya, ya tsaya yana kallonsu, shi kansa ya san ba haka ba ne. Senga ta kawar da kai.

Da suka fito ya ce, "Na faɗi ko?"

"Ba jarrabawa ba ce."

"Ke dai kin iya ƙarya." Amma ya riƙe hannunta wajen tsallaka titi.

Sati biyar suka yi suna jiran amsa. A cikinsu iyalin ƙarshe na hawa na sha biyar suka tashi, ɗumin benen ya ragu, iska ta riƙa kuka a baranda. Sannan Kirsteen ta bugo: likita ya ce zai iya zama a gidan da ke da mai kula, a yanzu dai, za a sake dubawa bayan wata shida. An sami gurbi a arewacin gari, murhun lantarki ne mai kashe kansa.

"Sai dai ya yi nisa da gidan da muka rubuta miki," in ji ta.

"Me kuke da shi a kusa da shi?"

"Ba sabo. Wani tsohon gini ne, hawa na uku, ba lifta. Anti, ki yi tunani, gwiwarki fa."

Senga ta yi tunani kwana biyu, ta je ta zagaya sabon gidan da aka ba ta ta waje, ta leƙa tagarsa mai gilashi biyu don tare sanyi. Ta ji haushin Archie, ta ji haushin Elspeth, ta ji haushin kanta. Ta buga wa Kirsteen ta ce a ba ta tsohon ginin.

Suka tashi rana ɗaya, a mota ɗaya, a watan Maris. An rushe Kilmory bayan wata takwas, ba ta je kallo ba, tana wurin aiki.

A sati na uku da tarewarsu, mai kula da gidan su Archie, wata mata mai suna Morag, ta bugo wa Senga da la'asar: Archie ya fita tun sha biyu bai dawo ba, in ya ƙara rabin awa za ta kira 'yan sanda. Senga ta bar bokiti a tsakiyar aji. Ta bi kantuna, ta leƙa gidan giya biyu, ta shiga ɗakin karatu, ruwa na dukanta. Tana lissafi a zuci: in aka kira 'yan sanda za a rubuta, in aka rubuta likita zai gani.

A wata tashar bas ta same shi, titi uku daga gidan, yana zaune da jarida a hammata, wandonsa ya jiƙe har gwiwa.

"Kin yi latti," ya ce. "Bas ɗin nan ma ya ƙi zuwa."

"Ba ya bi ta nan, Baba Archie."

Ta zauna kusa da shi har numfashinta ya dawo, ta buga wa Morag ta ce an gan shi, ya tsaya hira ne. Morag ta ce to, amma dole ta rubuta. Senga ta ce ta sani. Ta tashe shi, suka kama hanya a hankali, tana nuna masa jan akwatin wasiƙa da kantin mai kifi, tana sa shi yana maimaitawa don ya riƙe hanyar gida.