Haddar Malam Ashafa

A masana'antarmu ta tabarmar roba da ke Sharada, inji ɗaya ne ke saƙa sallaya mai zanen masallaci, kuma shi ke ciyar da mu duka. Mai ba shi umarni wata tsohuwar kwamfuta ce mai launin tuwon dawa, irin wadda Turawa suka saya wa 'ya'yansu shekara arba'in da suka wuce. Ba ta riƙe komai a ka. Kullum da safe sai Malam Ashafa, mai kula da injin, ya sa mata kaset ta saurara, sannan ta tuna aikinta. Shekara ashirin da bakwai yana wannan.

Sai Allah Ya kawo mana Injiniya Aminu, ɗan Alhaji mai kamfani, da digiri da laftof da takalmi mai tsini. Ranar farko ya ce zai raba mu da kayan tarihi. Ya tsinci kaset ɗin a kan tebur, ya sa a rediyon maigadi, ya ji ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Nan take ya yanke hukunci cewa ya lalace, ya ba maigadi kyauta. Maigadi kuwa mutum ne mai tattali, ya naɗi tafsiri a kai, gaba da baya.

Washegari aka karɓo kaset, kwamfuta ta saurari tafsiri na minti goma, inji ya ƙi motsi.

Ni Ɗahiru, mai kula da sito, ina tsaye Alhaji ya iso yana huci. Kowa ya san wanda ya yi ɓarnar, amma wa ya gaji da albashinsa?

"Ashafa, a hannunka kaset yake," in ji Alhaji. "Saura wata biyu azumi, lokacin cinikin sallaya. In aka ga wata injin nan bai tashi ba, ka kama gabanka."

Malam Ashafa ya ce, "To, ranku ya daɗe." Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san mutum goma sha ɗaya ke ci a tukunyarsa.

Injiniya ya ce, "Abba, ku bar min, abin minti biyar ne." Ya kwana uku yana neman inda zai soka wayar laftof ɗinsa a jikin kwamfutar, bai samu ba. Daga nan ya koma ofis mai esi.

A sito na tono littafin kwamfutar, gara ta ci bangonsa. Ni nake karanta Turancin, Malam yana saurare. Littafin ya ce ƙwaƙwalwarta ba ta jin magana sai lambobi, kuma tafin hannu ɗaya gare ta: ta ɗauki lamba, ta ajiye a wani gida, ta ƙara, ko ta tsallaka wani layi. Kowane umarni harafi uku ne, da lambarsa. Ƙirgarta ma sai ta kai goma sha shida take juyawa.

"Ashe daƙiƙiya ce mai biyayya," in ji Malam. "Na koyar da irinta da yawa."

Mahaddaci ne tun yana saurayi. Ya zo da sabon allo da tawada, yana rubuta umarni yana bita, in ya zauna masa a ka sai ya wanke. Zanen kuwa zare-zare ya ƙirga shi daga tsohuwar sallaya. Injiniya ya leƙo ya gan shi, ya ɗauke shi hoto yana dariya.

"Malam, in ka wanke ka ba ta ta sha, ko za ta yi ilimi."

Gwajin farko, inji ya saƙo hasumiya kai a ƙasa. Na biyu, ƙubba ta fito kamar kabewa da aka zauna a kai. Saura kwana huɗu azumi masallaci ya miƙe tsaf, har da jinjirin wata. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Alhaji ya zo ya rungume ɗansa, ya ce wa dillalai ga amfanin boko. Injiniya bai musa ba. Da yamma na ji Injiniya da kunnena yana cewa da zarar an naɗi lambobin a kaset, bayan Salla tsohon ya tafi hutu, ba dawowa. Na kai wa Malam labari, ya yi murmushi kawai.

Da safe Injiniya ya zo da sabon kaset a leda.

"Malam, naɗa mana a nan."

"Injiniya, ai ka fi ni sani, kaset lalacewa yake yi."

"To ina allon?"

"Na wanke."

Yanzu kullum ƙarfe bakwai Malam yana zama ya danna lambobi ɗari huɗu da 'yan kai daga ka, haka kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta. Injiniya ya taɓa laɓewa da waya zai ɗauki bidiyo, Malam ya yafa rawani a kan hannayensa, wai sanyi. Makon jiya ya yi tari sau biyu a bakin inji. Kafin azahar Alhaji ya aiko da mota a kai shi asibiti, kuma Injiniya ne ya tuƙa.