Wuyan Raƙumar Almustafa

Ni Tabawa, ta gefen Gangara, ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma na san sawun raƙumi idan na gan shi cikin wakena. Gonata a bakin burtali take, hanyar da dabbobi ke bi su wuce. Bana wake ya yi yaɗo har ya rufe ƙasa tsakanin hatsi, sai raƙuman Almustafa suka mayar da shi akushinsu. Almustafa makiyayi ne daga arewacin Belbeji, dogo mai sanyin baki, irin wanda kina zaginsa yana tambayarki lafiyar gida.

Na kai ƙara wurin mai gari Lawali, na ce a biya ni ɓarnar wakena.

"Tabawa, sawu ba shi da suna," in ji shi. "Raƙuman mutum nawa ke bin burtalin nan? Kawo shaida."

"Ranka ya daɗe, idona ba shaida ba ne?"

"Idonki shaida ne. Amma bakinki ya riga shi zuwa."

Dattawan da ke zaune suka yi dariya. Gaskiya ce kuwa, ita ta sa na fi jin haushi. Duk lokacin da na hango raƙuman daga nesa sai in soma faɗa tun daga bakin gari, kafin in isa an kora su, ba kowa sai kashi da guntun yaɗo.

Ina da ƴa a Tanut, Zuhaira, wadda ke ɗaukar hoton biki da suna da waya. Ta daɗe tana son kyamara ta gaske, ni kuma na ba ta ragon da na turke ta ƙara. To, wanda ya ba da rago ai yana da baki a magana. Ranar da za ta zaɓa na hau mota na bi ta shagon Buba, mai kawo irin waɗannan kaya na hannu daga Kano.

Ban san ana sayen abin gida biyu ba. Akwai jiki daban, akwai ido daban, sai a murɗa wannan a bakin wancan. Buba ya jera jikuna a kan tebur. Na yi yadda ake yi a kasuwar dabbobi: na ɗaga kowanne na ji nauyinsa, na ƙwanƙwasa haƙarƙari, na leƙa baki. Na ajiye hannu kan wani baƙi mai ƙiba.

"Wannan."

"Inna, wannan tsohon yayi ne, mai madubi a ciki. Ni marar madubi nake so, ga shi nan ƙarami. Ba nauyi, ba ƙara, kuma ina ganin hoton kafin in danna."

"Abin da ba shi da nauyi me ke cikinsa?"

"Inna, ni zan rataya shi a wuya tun safe har la'asar, ba ke ba."

Na bar mata jiki. Na ce amma ido nawa ne.

Ido biyu ke dacewa da shi, ɗaya kawai kuɗinmu zai iya ɗauka. Ɗaya gajere kamar murfin tulu, ɗaya dogo kamar guntun taɓarya. Buba ya murɗa gajeren ya ce in leƙa. Na ga shagon duka, da ƙofa, da mai shayi a waje, kowa ƙarami. Ya murɗa dogon. Na leƙa, sai ga kunnen wani jaki da ke can ƙetaren titi ya cika mini ido, har ƙudan da ke kansa ina gani.

Raƙuman makiyaya kowanne da tambarin gidansu da aka ɗora da wuta a wuya. Abin da ya kawo mini kunnen jaki zai kawo mini tambari.

"Iya, ki saurare ni," in ji Buba. "Gajeren yana ɗebo da yawa. Dogon yana kai ki nesa, amma kamar leƙe ta cikin kara ne: abu guda za ki gani, na kewaye da shi duk ya fita. Ga aikin ƴarki kuwa, cikin ɗaki..."

"Ɗan nan, kai ka haife ta?"

"A'a, Iya."

"To naɗe dogon."

Zuhaira ta biya Buba muka fita. Ta san ni.

Biki na farko da ta je da shi, ina wurin. Amarya na zaune cikin ƙawayenta, Zuhaira ta ɗaga kyamara, ta ja baya, ta ja baya, ta fita ƙofar ɗaki, ta taka kwanon tuwon wata, ta dangana da katanga. Abin da ta samu hancin amarya ne da rabin ɗankunne. Uwar ango ta tambaye ni ko ƴata tana da ciwon tsoron mutane. Na ce sabon yayi ne, daga Kano.

Na ja Zuhaira ƙauye. Da hantsi muka hau tudun yashi da ke nesa da gona, muka kwanta rub da ciki bayan wata geza, tsohuwa da ni, kamar mai dakon zomo. Zuhaira ta sa ni na yi alkawarin rufe baki. Na cusa bakin gyale tsakanin haƙora.

Raƙuman suka zo. Suka ratse daga burtali suka shiga hatsina kamar gidan ubansu. Hatsi ya ɓoye ƙafafunsu, idan sun sunkuya kan wake ba a ganin komai. Sai wata farar raƙuma ta ɗaga kai tana tauna.

"Inna, gonar ba ta fitowa," Zuhaira ta raɗa mini. "Wuya kawai ke shiga. Mu koma can baya."

Na zare gyale. "Wa ya aike ki gona? Gonar kowa ya san tawa ce. Tambarin nake so."

Ta danna. Abin ko tari bai yi ba. Ta nuna mini a bayan kyamara: ga tambari ɓaro-ɓaro, har gashin da ya ƙone a gefensa. Nan alkawari ya ƙare. Na miƙe na saki murya, raƙuma suka watse.

Ranar zama gaban mai gari na sa zanen salla. Mai gari ya aika aka kira Almustafa. Zuhaira ta miƙa kyamara, dattawa suka haɗa kai a kanta. Almustafa ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallo, har ya ɗan sassauta rawanin da ke bakinsa.

"Tawa ce," in ji shi. "Tambarin ubana ne. Ban taɓa sanin gashin idonta ya kai haka ba."

"Kun ji ko? Ya amsa."

"Na amsa raƙuma, Inna Tabawa. Ina gonar?"

Na fizge kyamara na duba. Wuya, kai, tambari. Bayanta kuwa duk ya narke, kore-kore kamar miyar kuka.

"Ga ta nan. Wannan koren."

Mai gari ya kanne ido ɗaya. "Wannan koren hatsi ne, ko ƙaya, ko zanen wata? Raƙumar nan ko a Agadas aka ɗauke ta haka za ta fito."

Na juya wurin Zuhaira ta taimake ni. Tana kallon ƙasa, kafaɗunta na rawa don dariya. Ƴar da na haifa.

Mai gari ya ce ba diyya. Na faɗi abin da na faɗa, ba zan maimaita ba, liman yana wurin. Ina tattara zanena zan tafi sai Almustafa ya biyo ni a hankali.

"Inna, hoton nan. Ko za a wanke mini shi babba? Mahaifiyata ce ta raine ta, yanzu ba ta iya fita daji."

Na tsaya. Karon farko ke nan da na ga yana son wani abu da ke hannuna.

"Hoton nawa ne. Ragona ne ya zama idon da ya gan ta."

"Na sani. Me kike so?"

Na tuna gonata, yashi ne zalla, rabonta da taki tun mai gidana na da rai. Masu hali su ke samun makiyayi ya yi musu zango a gona da rani, su ba shi hatsi. Ni ban taɓa samu ba.

"Idan an saki gonakin gari bayan girbi, raƙumanka su kwana a tawa har ƙarshen rani. Ba hatsi, ba komai."

Ya gyaɗa kai ya ce ya yarda.

Ga mu yanzu. Raƙuman da na yi damina guda ina kora suna kwance tsakiyar gonata, ni na kira su, har ina zagayawa da safe ina duba ko sun yi kashi da yawa. Farar tana kallona tana tauna. Na koma wurin mai gari na ce ya shaida wa jama'a cewa wannan diyyar wakena ce. Almustafa ya ce shi dai ladan hoto ya sani. Mai gari ya ce mu je mu daidaita suna, shi ya gaji. Ban janye ba, ranar Juma'a zan koma.

Na turke wani ragon saboda gajeren ido. Zuhaira ta ce ta gode, amma ranar zaɓe in zauna gida.